Matar Razdan da Hanyar Kano

A cikin 1908 aka buga wani littafi a birnin London, da Turanci, mai suna A Resident's Wife in Nigeria, watau Matar Razdan a Nijeriya. Wadda ta rubuta shi sunanta Constance Larymore, matar Manjo Larymore, ɗaya daga cikin hafsoshin da Gwamna Lugga ya ɗora bisa larduna sa'ad da Turawa su ke cikin kama ƙasar Arewa. Littafin labarin tafiya ne ta miji da mata, wadda suka soma cikin 1902, suka yi ta yi har wajen shekara biyar, bana suna wannan lardi, baɗi an tashe su zuwa wancan. Ya sami karɓa a Ingila, har aka sake buga shi cikin 1911. A ƙasar da ya ke ba da labarinta kuwa ba kowa ya taɓa jin sunansa ba, ko cikin waɗanda suka yi nisa da karatun boko.

Abin da ya sa ya kamata mutumin Kano ya san da littafin nan shi ne, matar ta iso Kano wajen ƙarshen 1903, ba a ko cika shekara da cin garin ba, aka sauke su ita da mijinta a gidan shan iska na Sarki da ke bayan gari, a Nasarawa, wanda Turawa suka mai da shi mazaunin Razdan. Watau dai tana cikin Turawan farko da suka kwana a filin da daga baya ya zama unguwar Nasarawa G.R.A. Ta gani da idonta, ta rubuta tun abin bai huce ba. Irin wannan shaida ba a yar da ita. Amma shaida duka sai an auna ta, a san inda mai ita ya ke tsaye sa'ad da ya ke kallo.

Littafin kashi biyu ne. Na farko shi ne tafiye-tafiyen. Sun taso daga Saliyo a jirgin ruwa, suka shigo ta bakin Kwara, suka hau kogi har Lakwaja, inda Lugga ya kafa tuta ran 1 ga Janairu, 1900. Daga nan sai Bidda da Keffi, sa'an nan babbar tafiya ta arewa, ta Zungeru da Zariya zuwa Kano, daga Kano zuwa Katagum da Haɗeja, kana suka juyo kudu zuwa Kabba, daga bisani kuma Bargu. Kashi na biyu ba tafiya a cikinsa, shawarwari ne ga matan Turawa masu niyyar biyo mazansu. Galibin masu karatu a kashi na farko su kan tsaya, su ɗauka na biyu zancen kicin ne kurum. Wannan kuskure ne, za a kuwa ga dalili a gaba.

Sai mai karatu ya fara tuna yadda hanya ta ke a zamanin. Babu mota, jirgin ƙasa kuma bai iso Kano ba sai 1911. Bature ya kan hau doki, kayansa duka kuwa a kan mutane su ke: tanti, da gadon tafiya, da tebur, da kujera, da akwatunan abincin gwangwani, har da bahon wanka. Kowane ɗan alaro kayansa wajen laba 60 ne. A kan tashi tun da asuba don a ci hanya kafin rana ta take, a sauka zango wajen hantsi ko azahar, sarkin garin da aka sauka shi zai nemo itace da ruwa da hatsin dawaki da abincin mutane. Tsakanin Zariya da Kano, da mota ta ke shafewa yau cikin sa'o'i kaɗan, kwanaki a ke yi. Rundunar Kanar Morland ma, da ta ke sauri don yaƙi, ta bar Zariya ran 29 ga Janairu, 1903, ba ta tsaya bakin ganuwar Kano ba sai 3 ga Fabrairu. A irin wannan hali uwargida Larymore ta yi dubban mil bisa doki, da rani da damina.

Nan ya kamata a ba ta haƙƙinta. Mace ce mai ido. Ba ta wuce itace ko fure ba ta duba ba, ba ta ƙetare rafi ba ta faɗi yadda aka ƙetare shi ba. Maganarta a miƙe ta ke, ba ta da kumbura, ba ta kuwa cika kuka da wahala ba, alhali yawancin littattafan Turawa na zamanin cike su ke da ƙorafin zafi da sauro da zazzaɓi, kamar wanda aka kawo su dole. Ita tana son ƙasar, ba ta kuma ɓoye ba. Kafin su zo nan sun zauna Indiya, saboda haka ta kan gwada abin da ta gani da na can, mijinta ma da laƙabin da a ke kiran maigida Bature a Indiya ta ke kiransa. Wannan gwadawa ta kan taimake ta wani lokaci, gama ba ta firgita da ganin birni mai ganuwa da fada da kasuwa kamar wanda bai taɓa fita ƙauyensu ba. Wani lokaci kuwa ta kan cuce ta, don wanda ya riga ya ce ya san irin abu ba ya tsayawa ya tambaya.

Har wa yau akwai wani abin yabo, game da zaman auren kansa. A lokacin, hukumar Lugga ba ta son hafsoshi su zo da matansu, ana cewa ƙasar ba ta mata ba ce. Matar Lugga kanta, da ta zo Zungeru bayan aurensu cikin 1902, ba ta jima ba rashin lafiya ya mai da ita gida. Matar Larymore kuwa ta ƙi zama a Lakwaja tana jiran wasiƙa, duk inda aka tura mijinta tana gefensa. Littafin ba ya yawan zancen soyayya, Turawan zamanin ba su saba baza irin wannan a takarda ba, amma mai karatu zai lura kusan kome da bakin mutum biyu a ke faɗinsa: sun tashi, sun sauka, sun ga kaza. Tafiya ita ke tona halin abokin zama, waɗannan kuwa ga alama hanya ba ta ɓata tsakaninsu ba. Sai dai kada a ɗauka ita ce mace ta fari da ta bi miji doguwar tafiya a ƙasar nan. Matan fatake sun daɗe suna bin ayari har Gwanja garin goro, matan alhazai kuma sun bi mazansu a ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, waɗansu su haihu a hanya, su yaye a hanya, su shekara bakwai ko fi kafin su ga gida. Bambancin kawai, su ba wanda ya sa musu alƙalami a hannu.

To, sai babin Kano, wanda shi ne zuciyar kashi na farko ga mai karatu na nan. Kafin a karanta shi ya kamata a jera abin da ya faru a shekarar. Cikin Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu biyu. Babin Keffi na littafin ma a kan wannan lokaci ya faɗo. Turawa suka riƙe wannan hujja, suka taso wa Kano. Suka fasa Bebeji a hanya, suka shiga birni ran 3 ga Fabrairu, 1903, Sarki ba ya nan, ya tafi Sakkwato. Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi tare da jama'a mai yawa. Aka kama Alu, aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, can ya rasu cikin 1926, bai sake ganin Dala ba. Aka naɗa ɗan'uwansa Abbas. Sakkwato ta faɗi cikin Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da dubban mutane, aka tarar da su a Burmi cikin Yuli, aka kashe shi. Duk wannan cikin watanni kaɗan kafin matar Razdan ta sauka daga doki a Nasarawa. Gidaje nawa ne a birni ba a gama takaba ba? Nawa ne ba a san inda maigida ya ke ba, ko ya mutu a Burmi, ko ya wuce gabas?

Wanda ya riƙe wannan a zuciya ya buɗe babin, zai sami Kano kyakkyawa: ga ganuwa mai tsawo da kauri, ga ƙofofi, ga kasuwa cike da mutane da haja, ga gine-ginen ƙasa masu sanyi da duhu, ga manya bisa dawaki da ado. Duk abin da ido ke iya kamawa ta kama, ta kuma faɗe shi da kyau, har wanda ya san birni yau zai iya gane waɗansu wurare. Mai neman sanin kamannin Kano kafin jirgin ƙasa da dalar gyaɗa su sauya ta, zai ƙaru ƙwarai. Amma mai neman sanin abin da ke cikin zukatan Kanawa a wannan shekara zai tashi hannu wofi. Garin da aka ci da yaƙi jiya ya fito kamar garin da ya yi kwalliya don baƙi. Cin garin kuwa, a wurinta, gyara ne aka kawo, ba ta ko yi shakka ba.

Ba lalle a ce ta ɓoye wani abu da gangan ba. Inda ta ke tsaye ne bai ba ta damar gani ba. Tana kwana bayan ganuwa, inda sojan da suka ci garin su ke tsaro. In za ta shiga gari da rakiya za ta shiga. In za ta yi magana mai tsawo sai ta bakin tafinta, tafinta kuwa ya san wanda ke biyansa, ya kuma san abin da kunnen Bature ke so. Wa zai tsaya gaban matar Razdan a Kurmi, cikin 1903, ya ce mata ɗansa na cikin waɗanda suka kwanta a Kwatarkwashi? Abin da za ta samu shi ne gaisuwa, Bahaushe kuwa ba ya rowar gaisuwa ko ga wanda ya ƙi jini.

Wannan zance na gaisuwa shi ne babban ramin da littafin ya faɗa. Marubuciyar ta faɗi cewa mutane suna kiranta Uwamu, watau uwarmu, abin kuwa ya yi mata daɗi ƙwarai, ta ɗauke shi alamar ƙauna. Mai yiwuwa ne waɗansu da zuciya ɗaya suka faɗa, gama ga dukan alamu mace ce mai fara'a da kyauta. Amma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san nauyin irin wannan kalma. Talaka ya kan ce wa matar hakimi uwa, ya ce wa mai mulki uba, ko da jiya aka ƙwace masa jaki. Kalmar ladabi ce, wani lokaci kuma garkuwa ce, mai rauni ya kan ɗaga ta don ya wuce lafiya. Baƙuwar ta ji kalmar, ta san fassararta, ba ta san amfaninta ba. Haka ta ɗauki taryar da sarakuna suka yi musu, da dawaki da algaita da tambura, kamar shaidar ƙasa ta yarda. Haɗeja ta isa misali. Sun je garin tun yana da ƙarfinsa, aka sauke su, aka sallame su. Ba a yi shekara uku ba, cikin Afrilu 1906, Sarkin Haɗeja Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, ya yi yaƙi a cikin garinsa har ya faɗi shi da manyan fadawansa. A wannan shekara kuma aka yi ta Satiru kusa da Sakkwato. Ashe ƙarƙashin algaitar akwai wata magana da ba a fassara wa baƙi ba.

Sa'an nan ga mutanen da suka ɗauki tafiyar a kansu, ba da misali ba, da gaske. Miji da mata su biyu a ke ba da labari, amma ayarin da ke biye da su mutane ne masu yawa: 'yan alaro, da kuku, da boyi, da masu dawaki, da masinja, da 'yan rakiya. Duk mil ɗin da uwargida ta yi bisa sirdi, wani ya yi shi a ƙasa da akwati a ka. Suna cikin littafin, ba a ce ba su ciki ba. Ta kan yaba musu in sun yi ƙoƙari, ta kan yi dariyarsu, ta kan ji tausayinsu. Amma jimla a ke ganinsu, kamar yadda a ke ganin garke, in kuwa an ware wani an ambace shi, to, saboda aikin da ya yi wa masu gida ne, ko ɓarnar da ya yi musu. Daga wane gari ya fito? Da son ransa ya zo, ko sarkin garinsu ne ya kama shi ya bayar don cika lissafi? Wa ya bari a gona? In an kai Katagum an sallame shi, yaya ya komo gida? Littafin tafiya ne wanda ya san komowar mutum biyu kaɗai.

Kada a ce ai bara ba shi da labarin da zai bayar. A Nasarawa ɗin nan aka yi wani tsoho mai suna Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram. Yana yaro aka kama shi bauta, aka kai shi Kukawa, wani Bature ya 'yanta shi, ya zama yaron Barth, matafiyin nan Bajamushe da a ke kira Abdulkarim. Ya bi shi har Tambutu, ya bi shi ya ƙetare Sahara har Ingila cikin 1855. Can wani malamin mishan mai suna Schön ya zauna da shi, ya rubuta labarinsa da Hausa daga bakinsa, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya komo ƙasar nan cikin 1864, a ƙarshen ransa ya koyar a makarantar da Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa cikin 1909, ya rasu cikin 1912. Wanda ya karanta labarin Dorugu zai ga hanya ta idon mai tafiya a ƙasa: yunwa, da ƙishirwa, da tsoron a sake sayar da shi, da mamakin yadda Turawa ke cin abinci a gidajensu. Barth ya rubuta manyan littattafai biyar a kan tafiyar, duk da haka akwai abin da sai a bakin yaronsa a ke ji. Cikin ayarin Larymore ma akwai Dorugu da yawa, ba a dai tambaye su ba.

Yanzu sai zancen komowa, wanda shi zai kai mai karatu ga kashi na biyu. A labarin tafiya na Hausa komowa gida ita ce kan magana. Alhaji ya dawo, a tare shi bayan gari, a yi kuka, a yi murna, a ƙidaya waɗanda suka mutu ba ya nan, ya raba tsaraba, ya zauna a zaure yana ba da labari har wata guda. Abin da ya gano sai ya zama na jama'a. A littafin nan kuwa ba wuri guda da za a ce nan ne aka komo. Sun juyo daga Haɗeja, sai wani lardi. In wa'adin aiki ya cika, sai su gangara Kwara su shiga jirgin ruwa, su tafi hutu Ingila, su sake dawowa inda aka tura su. Kalmar gida a bakin Turawan mulki Ingila ta ke nufi, ko da mutum ya shekara ashirin a nan. Tsarabar tafiyar, watau littafin kansa, can aka kai ta, da harshen can, don mutanen can. Waɗanda aka kalla ba a ba su labarin abin da aka gani a jikinsu ba.

To, mutumin da gidansa ke nesa, ga shi kuwa dole ya zauna, me zai yi? Sai ya gina ɗan guntun gidansu a inda ya ke. Wannan shi ne aikin kashi na biyu. Babi bakwai ne: yadda za a shirya ɗaki, yadda za a bi da ma'aikatan gida, kiwon karnuka da kaji da shanu, lambu, barga, zaman zango, da tufafin da za a sa. Shawarwarin na mai hankali ne, wadda ta gwada da hannunta, ba shakka kuwa sun yi wa matan da suka biyo bayanta amfani. Amma a duba siffar gidan da ke fitowa daga cikinsu. Gida ne shi kaɗai a tsakiyar fili, kewaye da furanni da itatuwa. Ba shi da zaure inda mai wucewa zai yi sallama ya zauna. Ba shi da maƙwabcin da za a aika yaro ya ɗebo wuta. 'Yan ƙasa da ke cikinsa duka ma'aikata ne, ɗakunansu na can baya, ilmin da a ke bukata game da su kuwa shi ne yadda za a sa su aiki, a hana su ɓarna. Matar da ta keta ƙasa tun daga Lakwaja har Haɗeja, da ta zo koya wa 'yan'uwanta abin da ta samo, sai ga shi yawancinsa dabarun zama cikin ƙasa ne ba tare da an cuɗu da ita ba.

Ba ita ta kafa dokar ba, kada a ɗora mata abin da ba nata ba. Amma abin da ta zana a takarda shi hukuma ta zana a ƙasa. Dokar garuruwa ta 1917 ta tsara unguwar Turawa dabam, a bar fili na yadi 440 tsakaninta da mazaunin 'yan ƙasa, ba gini a ciki, ba kuma ɗan ƙasa da zai zauna unguwar sai ma'aikacin gida. Hujjar da aka bayar ita ce sauro, wai kada ya ɗauko zazzaɓi daga jikin 'yan ƙasa ya kai wa Bature. Abin dariya a nan, kuku da boyi da iyalinsu suna kwana taku kaɗan daga ɗakin maigida, sai ka ce sauron ya san wanda ke cikin littafin albashi. Haka Kano ta rabu: birni cikin ganuwa, Fagge da Sabon Gari a gefe, Nasarawa da Bompai can gabas cikin inuwar itatuwa, da kulob da filin sukuwa. Wanda ya karanta kashi na biyu na littafin nan, sa'an nan ya zaga tsofaffin titunan Nasarawa, zai ga kamar babi-babi aka bi aka gina su.

Abin da zai fi ba mai karatu tunani shi ne, Turawa sun tafi, siffar gidan ba ta tafi ba. Bayan samun mulkin kai cikin 1960, da kuma kafa Jihar Kano cikin 1967, manyan ma'aikata da attajirai 'yan ƙasa suka gaji unguwar. Gidan Gwamnati na can. Akwai titi mai sunan Alu, sarkin da aka kora. An daddatsa manyan filaye, an yi ofisoshi da makarantu da asibitoci, an ta da katangu masu tsawo inda dā shingen furanni ne. Amma ɗakunan baya da a ke kira boskwata suna nan, maigadi na bakin ƙofa a madadin zaure, mutum kuma ya kan shekara bai san sunan na kusa da shi ba. Da yawa cikin mazauna unguwar, in an yi rasuwa ko suna ko ɗaurin aure, birni su ke komawa, gidan kakanni, su ma in sun ce gida can su ke nufi. Ta wannan fuska littafin matar Razdan bai tsufa ba ko kaɗan, kashin da a ke rainawa ma shi ya fi daɗewa da rai.

Yana da kyau a aza shi kusa da Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, wanda aka buga cikin 1944. Imam, yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya tafi Ingila cikin 1943 tare da waɗansu 'yan jarida na Afirka ta Yamma, ana tsakiyar yaƙin Hitila, har ya sadu da Lugga a can, ya tsufa. Shi ma baƙo ne, shi ma hukuma ce ta shirya masa inda zai je da wanda zai gani, saboda haka shi ma akwai abin da bai gani ba. Amma ya san shi baƙo ne, yana kallo yana tambaya, da ya komo kuwa mutanensa ya zauna ya ba labari, da harshensu. Matar Larymore ta fi shi daɗewa a ƙasar da ta ke bayani nesa ba kusa ba, ta fi shi shan wahalar hanya, sai dai ta shigo a bayan bindiga, wanda ya shigo haka kuwa ba ya jin kansa baƙo, balle ya yi tambayar baƙo.

Duk da haka littafin ya cancanci a juya shi da Hausa, a sa shi hannun waɗanda suka fita ajin yaƙi da jahilci, su ga yadda aka ga kakanninsu. In za a yi, kada a tsince babin Kano kaɗai don yana da daɗi, a bar sauran. A juya shi duka, har babin ma'aikatan gida, kome ɗacinsa, gama jikokin kuku da boyi da 'yan alaro suna cikin masu karatu, su ne kuwa za su fi kowa gane abin da aka faɗa da abin da aka tsallake. A kuma haɗa shi cikin bango ɗaya da labarin Dorugu, da na Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta aka buga cikin 1954, wadda ta ga zuwan Turawa tana cikin gida, ta kuma faɗi abin da mata ke cewa bayan ayarin ya wuce.